Shuɗɗan allunan Landan: bitar hidimar da ke nuna inda aka haifi mutum ko aka faro wani abu

Wanda ya sauka a Landan da niyyar ganin gidajen da aka haifi manyan mutane, ko ɗakunan da aka faro wani abin da duniya ke mora a yau, ba ya buƙatar yankar tikiti ko ɗaukar ɗan jagora, domin an riga an rubuta masa amsar a jikin bangon gidajen birnin. Alluna ne shuɗɗa masu siffar faifai, sun haura dubu, kuma ƙungiyar English Heritage ce ke kula da su tun daga 1986. Kwana uku na yi ina bin su a ƙafa da cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ina duba shafin ƙungiyar na intanet kafin in fita da bayan na dawo masauki. Hukuncin da na yanke shi ne, hidima ce da mutum zai yarda da abin da ta faɗa masa ba tare da ɗar-ɗar ba, amma wanda ya zo takanas domin neman mahaifar mutane zai tarar cewa ƙa'idar da ta sa aka yarda da allunan ita ce kuma ta rage masa abin da ya zo nema.

Allon kansa abin yabo ne. Daga ƙasa mutum zai ɗauka farantin ƙarfe ne aka yi wa fenti aka kafe da ƙusa, alhali tangaran ne, na yumɓun da aka gasa da wuta mai zafin da ya kai wajen digiri 1,200. Faɗinsa santimita 49 da rabi, kaurinsa santimita 5, kuma ba manna shi ake yi a kan bango ba, ana fafe bangon ne a dasa shi a ciki ya zauna daram da fuskar ginin. Tun 1984 wani gida guda na masu sana'ar tangaran, mazauna yankin Cornwall, shi ya yi mafi yawansu, kuma da hannu ake zana kowane harafi. Na tsaya dab da wanda aka sa ƙasa-ƙasa na duba shi da kyau: haruffan farare ne masu ɗan tudu, shuɗin yana ƙyalli kamar kwanon da aka wanke yanzu, tsakiyar allon kuma ta ɗan kumburo, wanda dabara ce domin ruwan sama ya riƙa wanke ƙurar da ta hau shi. A garin da ruwa da sanyi da hayaƙin mota ba sa barin fenti ya daɗe, akwai allunan da suka shekara fiye da ɗari ana karanta su ba tare da an matse ido ba.

Tarihin tsarin ya faro ne da mahaifa, kuma a nan darasin yake. Wani ɗan majalisar dokoki mai suna William Ewart ne ya kawo shawarar a 1863, ƙungiyar Society of Arts ta karɓi aikin a 1866, sannan a 1867 aka dasa allo na farko a gida mai lamba 24 a titin Holles, inda aka ce an haifi mawaƙin Ingila Lord Byron a 1788. A 1889 aka rushe gidan, allon ya tafi tare da shi, yau kuma babban kantin John Lewis ne ya mamaye wurin. Saboda haka allon da ya fi kowane daɗewa a cikin waɗanda suka rage ba na mahaifar kowa ba ne, na Napoleon na Uku ne a titin King da ke unguwar St James's, inda ya yi zaman gudun hijira a 1848. An sa shi a 1867, mutumin yana raye yana kan mulkin Faransa, abin da dokar yau ba za ta taɓa bari ba. Daga hannun Society of Arts, wadda ta dasa alluna 35, aikin ya koma wurin Majalisar Gundumar Landan a 1901, ya koma wurin Majalisar Babbar Landan a 1965, kafin ya zo inda yake yanzu. Shuɗin ma ba da shi aka saba tun farko ba, domin yawancin allunan zamanin da ruwan ƙasa ne, sai a 1921 aka tsayar da shuɗi.

Ƙa'idar da nake nufi ita ce wadda ta ce sai ginin da mutumin ya zauna a ciki yana nan tsaye, a kamannin da shi kansa zai iya gane shi da zai dawo, kafin a sa masa allo. Ba a sa wa kufai, ba a sa wa sabon ginin da aka tayar a kan tsohon fili. A ganina wannan ce darajar hidimar gaba ɗaya, domin idan allon ya ce a nan aka haifi wane, to ƙofar da kake kallo da tagar da ke samanta su ne dai waɗanda suke a ranar haihuwar, ba wai ana nuna maka wani fili ana cewa ka ƙiyasta sauran ba. Sai dai gidan haihuwa shi ne mafi tsufa a cikin gidajen rayuwar mutum, kuma sau da yawa shi ne mafi ƙasƙanci, tunda ba kowa ne aka haifa a gidan masu hali ba. Irin waɗannan gidaje su ne ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu da masu faɗaɗa tituna da masu gina ofisoshi suka fi cinyewa. Ko gidan sarauta bai tsira ba. Gida mai lamba 17 a titin Bruton, inda aka haifi Sarauniya Elizabeth ta Biyu ranar 21 ga Afrilu 1926, an rushe shi tun kafin a fara yaƙin, don haka allunan da ke jikin ginin da ke wurin a yau ba na wannan tsari ba ne, wasu ne suka sa su.

Abin da wannan ke nufi ga mai ziyara shi ne ya koyi karanta kalmar aiki da ke ƙasan sunan. Mafi yawan allunan cewa suke yi mutumin ya zauna a nan, wasu su ce ya zauna kuma ya yi aiki a nan, wasu su ce a nan ya rasu. Waɗanda suka ce a nan aka haife shi 'yan kaɗan ne, sai an neme su. Biyu daga cikinsu sun biya ni wahalar tafiya. Na farko yana gida mai lamba 22 a titin Theobalds, na Benjamin Disraeli wanda ya yi firaministan Birtaniya sau biyu, an haife shi a 1804, an sa allon a 1904 da ya cika shekara ɗari, kuma yana cikin tsofaffin nan masu ruwan ƙasa da adon ganye a kewaye. Na biyun yana lamba 2 a Warrington Crescent, tafiyar 'yan mintoci daga tashar Warwick Avenue. Farin gini ne mai hawa da yawa wanda a da gidan jinya da haihuwa ne, yanzu otal ne, kuma a cikinsa aka haifi Alan Turing ranar 23 ga Yuni 1912, masanin lissafin da ya taimaka wajen warware saƙonnin sirri na sojojin Jamus, wanda kuma tunaninsa yana cikin tubalin ilimin kwamfuta. An buɗe allon a 1998, a ranar da ta dace da ranar haihuwarsa. Na tsaya a bakin titi ina ɗaukar hoton allon da waya, sai na tuna cewa abin da ke hannuna jikan tunanin jaririn da aka haifa a bayan wannan bango ne. Baƙin otal ɗin suna ta jan akwatunansu suna wucewa, ba wanda ya ɗaga kai.

Allon da ya fi daɗewa a raina kuwa ba na mahaifa ba ne, kuma shi ya sa na sassauta ƙorafina. A arewacin birnin, a unguwar Kentish Town, akwai titin Burghley, layin gidajen bulo masu kama ɗaya, kowane da 'yar matattakala da kwandunan shara a gaba. A jikin mai lamba 60 an rubuta sunan Kwame Nkrumah, shekarun 1909 zuwa 1972, shugaban Ghana na farko, ya zauna a nan daga 1945 zuwa 1947. A Nkroful aka binne cibiyar Nkrumah, wannan kowa ya sani, amma a cikin shekara biyun da ya yi haya a wannan gida ne ya taimaka wajen shirya babban taron haɗin kan Afirka na Manchester a watan Oktoba 1945, daga nan kuma ya tattara ya koma gida a ƙarshen 1947 ya shiga gwagwarmayar da ta kai ƙasarsa ga 'yanci a 1957. Babu mai gadi, babu mai sayar da tsaraba, mutane ne kawai ke zaune a ciki, labulensu a sake. Wanda ya tsaya a nan zai gane dalilin da ya sa masu tsarin suka fi damuwa da inda mutum ya zama abin da ya zama, fiye da inda ungozoma ta karɓe shi. A 2005 aka sa wannan allo, shekarar da aka sa na Jomo Kenyatta a titin Cambridge da ke Pimlico da na Marcus Garvey, ɗan Jamaika mai fafutukar 'yancin baƙar fata, a titin Talgarth.

Ta fuskar mahaifar cibiyoyi da ƙirƙire-ƙirƙire, hidimar ta fi rauni, ko da yake 'yan misalan da take da su masu nauyi ne. A titin Frith da ke Soho, a saman wani shagon gahawa, allon gida mai lamba 22 yana shaida cewa a nan John Logie Baird ya fara nuna wa mutane talabijin a 1926, a ɗakunan can sama da ya yi haya. A Fadar Alexandra, kan tudu a arewacin birnin, wani allon yana tuna ranar 2 ga Nuwamba 1936, lokacin da BBC ta fara watsa shirye-shiryen talabijin masu tsabtar hoto a kai a kai, karo na farko a duniya. Allo na dubu, wanda aka buɗe a watan Satumba 2023 a lamba 1 titin Robert, na ƙungiya ne ba na mutum ɗaya ba, wato Women's Freedom League, wadda aka kafa a 1907 domin neman wa mata 'yancin jefa ƙuri'a, kuma a ginin ne hedikwatarta ta kasance. Amma mai son ƙwallon ƙafa da ya nufi titin Great Queen domin ganin inda aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ranar 26 ga Oktoba 1863, wadda daga gare ta dokokin wasan na zamani suka fito, zai tarar da allo a wurin, sai dai ba na wannan tsari ba ne, kuma rubutunsa ya faɗi gaskiya cewa gidan da aka yi taron a cikinsa ya taɓa tsayawa ne a wannan fili.

Nan ne baƙo ya fi rikicewa, kuma ya kamata a gargaɗe shi tun da wuri. Ba wanda ya mallaki launin shuɗi ko siffar faifai. Majalisun unguwanni da ƙungiyoyin sa-kai da kamfanoni da masu gidaje kowa yana iya sa nasa allo, wasu kuma sun kwaikwayi na asalin har sai an lura sosai. Hanyar rarrabewa ita ce a duba bakin allon ta sama, inda ake rubuta sunan hukumar da ta sa shi, ko baƙaƙen farkon sunanta. Majalisar Westminster korayen alluna take sawa, kuma ita ta fi sassauci game da ginin da ya rushe, shi ya sa ake samun nata a wurin da gidan Byron yake a da. Tsohuwar tsakiyar birnin, inda bankuna suke, tana da nata tsarin na alluna masu kusurwa huɗu, waɗanda galibi kufai suke nunawa, kamar na titin Lombard da ke nuna filin shagon gahawar Lloyd daga 1691 zuwa 1785, shagon da kasuwar inshorar jiragen ruwa ta Lloyd's ta tsiro daga cikinsa. Ban raina waɗannan ba, hasali ma mai neman tushen cibiyoyi zai fi samun biyan buƙata a wurinsu. Bambancin dai shi ne su fili suke nuna maka, na English Heritage kuwa gini.

Rubutun da ke kan allon gajere ne ƙwarai: suna, shekarar haihuwa da ta rasuwa, sana'a a kalma biyu ko uku, sai dangantakar mutumin da gidan. Wannan ya dace da mai wucewa, amma bai ƙosar da mai son sani ba, kuma a nan shafin intanet na ƙungiyar yake cike giɓi. Ana iya neman allo da sunan mutum, ko da unguwa, ko da fannin da ya yi fice, kowane kuma yana da shafinsa mai ɗauke da adireshi, da ainihin rubutun da ke jiki, da shekarar da aka sa shi, da hukumar da ta sa, da tarihin mutumin mai bayyana abin da ya yi a wannan gida musamman. Kyauta ne, da Turanci yake. Shawarata ita ce a karanta kafin a fita, domin yawancin gidajen na mutane ne masu zaman kansu, ba a shiga, abin da ido ya gani daga titi shi ke nan rabon mai ziyara. Wasu allunan kuma suna can sama tsakanin tagogin hawa na biyu ko na uku, kamar na Karl Marx a lamba 28 titin Dean, wanda sai an tsallaka ɗaya gefen titin an ɗaga kai kafin a karanta. Kaɗan ne suka zama gidajen tarihi da ake biya a shiga, irin gidan Charles Dickens a titin Doughty da gidajen nan biyu maƙwabta a titin Brook, inda mai tsara kiɗa Handel ya zauna a lamba 25, makaɗin jita Jimi Hendrix kuma a lamba 23 bayan shekara wajen ɗari biyu.

Ɗaya ɓangaren hidimar da mutane ba su cika sani ba shi ne kowa yana iya ba da sunan wanda yake ganin ya cancanta, ba sai ɗan ƙasa ba, ba kuma a biyan ko kwabo. Sharaɗin farko shi ne mutumin ya shekara 20 da rasuwa, domin a bar zafin so da ƙi ya huce kafin a auna aikinsa. Kwamitin masana yana zama sau uku a shekara yana tace sunayen, masu binciken tarihi kuma su bi takardun ƙidaya da rajistar masu zaɓe da wasiƙu domin tabbatar da gidan, aikin da ba ƙarami ba ne a birnin da aka sha sauya wa tituna suna da lambobin gidaje. Daga nan sai a nemi yardar mai gidan, wanda idan ya ƙi, magana ta ƙare. Abin yana cin shekaru, wajen alluna 12 ake dasawa a shekara da kuɗin gudummawa, sunan da aka ƙi kuwa sai bayan shekara 10 ake sake kawo shi. Baƙon da ya zauna a Landan yana iya samun allo idan sunansa ya yi nauyi a ƙasarsa ko a duniya, kuma zamansa a birnin ya yi tasiri a rayuwarsa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu a Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan daga 1945 zuwa 1946, Malam Aminu Kano ya bi sahunsa a 1946, kuma dukansu sun daɗe da cika sharaɗin shekarun. Mai son ya gwada sa'a a kan irin waɗannan sunaye ya sani cewa ba a cika sa allo a makarantu da majami'u da gidajen wasa ba, saboda yawan waɗanda suka ratsa su, don haka aikin da ke gabansa shi ne gano ɗakin da mutumin ya kwana, da hujjar takarda.

Akwai gyara a rabon allunan, kuma ƙungiyar da kanta ta amsa haka. A 2016, da tsarin ya cika shekara 150, allunan mata ba su kai kashi 15 cikin 100 ba, na baƙar fata da 'yan Asiya kuwa sun fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba, tunda sai a 1975 aka sa na baƙar fata na farko, mai tsara kiɗa Samuel Coleridge-Taylor. An yi ta kiran jama'a su kawo sunaye, an kuma ga canji, kamar allon Ottobah Cugoano a 2020, mutumin da aka sace daga gaɓar Ghana ta yau aka sayar da shi bawa, ya zo ya zama mai yaƙi da cinikin bayi da alƙalami, da na Noor Inayat Khan, wadda ta yi wa Birtaniya aikin asiri a Yaƙin Duniya na Biyu, a titin Taviton a 2020 ɗin dai. Ta fuskar unguwanni ma, Westminster da Kensington da Camden sun kwashe kaso mafi tsoka, gabashi da kudancin birnin inda talakawa suka fi yawa kuwa sai an yi tafiya mai nisa tsakanin allo da allo. Ya kamata kuma a sani cewa allon ba ya ba gini kariyar doka, mai gida yana iya neman izinin rushewa kamar kowa, ko da yake sau da yawa kasancewar allon ya taimaka wa masu neman a bar gini a tsaye.

A tsawon fiye da shekara ɗari da hamsin ɗin nan duka, Landan kaɗai tsarin ya tsaya, in ban da ɗan gwajin da aka taɓa yi a wasu garuruwa. Wata doka ta 2023 ta buɗe hanyar faɗaɗa shi zuwa duk faɗin Ingila a ƙarƙashin hukumar Historic England, wadda ta fara da Daphne Steele, baƙar fata ta farko da ta zama shugabar ma'aikatan jinya a asibitin gwamnatin Birtaniya, a garin Ilkley a farkon 2024. A watan Mayun 2024 aka sa wa George Harrison na ƙungiyar mawaƙa ta Beatles nasa a lamba 12 Arnold Grove da ke Liverpool, ƙaramin gidan bulo a lungun da ba ya ɓullewa, inda aka haife shi a 1943. Mai neman mahaifa zai fi samun abin da yake so a wannan sabon tsari, tunda da yawa daga waɗanda suka yi suna a Landan a wasu garuruwa aka haife su. Wanda kuwa yini ɗaya kawai yake da shi a babban birnin, ya faro daga titin Theobalds da safe, ya gangara Great Queen, ya ratsa Soho ta titin Frith da Dean, ya tsaya a titin King, sannan ya hau jirgin layin Bakerloo daga Piccadilly Circus ya sauka a Warwick Avenue kafin rana ta faɗi, domin a lokacin hunturu ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya rufe allunan da ke sama.